Layin Dogo A Nijeriya: Gina Shi Daban, Riƙe Shi Daban

A ranar 26 ga watan Agusta na shekarar 2025, jirgin ƙasan fasinja da ya taso daga Abuja zuwa Kaduna ya goce daga kan dogo a kusa da tashar Asham, inda wasu daga cikin matafiya suka ji rauni. Nan take Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta dakatar da zirga-zirga a kan wannan layi, ba a kuwa koma aiki ba sai a farkon watan Oktoba. Wannan ba shi ne karo na farko ba. A ranar 28 ga watan Maris na shekarar 2022, 'yan bindiga sun dasa nakiya a kan layin a kusa da Katari, suka kashe mutane, suka yi awon gaba da fasinjoji da dama, abin da ya sa jirgin ya tsaya cak har zuwa ranar 5 ga watan Disamba. Haka kuma a watan Janairu na 2023, an sace matafiya a tashar Igueben ta Jihar Edo, sa'an nan cikin watan nan dai wani jirgi ya goce a dajin Jihar Kogi, duk a kan layin Warri zuwa Itakpe.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa haɗari guda ke rufe layi baki ɗaya har tsawon makonni ko watanni? Amsar tana ga yadda aka shimfiɗa layukan. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a 2016, hanya guda ce tilo, jirgi ba ya wuce ɗan'uwansa sai a tasha. Haka ma na Warri zuwa Itakpe, wanda aka buɗe a 2020. Na Ikko zuwa Badun, da aka buɗe a 2021, shi ne kaɗai mai hanya biyu. Bugu da ƙari, waɗannan layuka uku ba su haɗu da juna ba, kowane zaman kansa yake yi. Saboda haka idan tarago ɗaya ya kwanta a tsakiyar hanya, babu wata kwana da za a bi a kewaye shi, kuma ba shi da sauƙi a ɗebo kawunan jirgi ko taragai daga wani layin don a cike gurbi.

Tsohon layin da aka gada daga Turawa, mai tsawon kimanin kilomita 3,500, ba zai iya kawo ɗauki ba, domin faɗin da ke tsakanin ƙarafansa milimita 1,067 ne, yayin da na sababbin ya kai milimita 1,435. Jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan.

A cikin irin wannan hali, dabarun da suka rage wa hukumar kaɗan ne. Na farko shi ne dakatar da aiki har a kammala gyara. Na biyu shi ne rage gudu a wuraren da ake shakkar lafiyar ƙarafa, wanda ke tsawaita tafiya. Na uku shi ne rage yawan sawu a rana, kamar yadda aka yi lokacin da jirgin Kaduna ya dawo a ƙarshen 2022, inda kuma aka ƙara jami'an tsaro, aka wajabta wa mai sayen tikiti ya nuna lambarsa ta ɗan ƙasa, aka kuma ƙara kuɗin tafiya. Babu shakka waɗannan matakai suna kare rayuka, amma kowanensu yana rage kuɗin shiga ko yana ƙara kashewa. Ga kuma ɓarayi da ke kwance kusoshi da ƙarafan dogo suna sayar wa masu narka ƙarfe, ta'asar da ke tilasta a riƙa sintiri a kan ɗaruruwan kilomitoci cikin daji.

A nan ne lissafin tattalin arziki yake shigowa. Harkar jirgin ƙasa sana'a ce da yawancin kuɗin da take ci ba ya raguwa ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba. Albashin ma'aikata yana nan, kula da tashoshi yana nan, bashi ma yana nan. An gina layin Abuja zuwa Kaduna ne da rancen Dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin, ban da abin da Gwamnatin Tarayya ta zuba. Da Dala ake biyan wannan bashi, da Dala ake sayo kayan gyara, amma da Naira fasinja yake sayen tikiti. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, Dalar da ake saye a kan kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a shekarar 2024. Man dizal da jiragen ke sha shi ma ya yi tashin gwauron zabo. Ke nan duk ranar da jirgi ya kwana a tasha, asara biyu ce: ba a samu ba, kuma an kashe.

Tarihi ya nuna cewa kaya ne ke ciyar da layin dogo. Lokacin da jirgi ya isa Kano a 1911, gyaɗa da auduga da fatu ne suka riƙe shi, kamar yadda kuza ta riƙe reshen Jos, kwal kuma ya riƙe layin Inugu zuwa Fatakwal. A shekarar 1964, wadda a cikinta dogo ya isa Maiduguri, hukumar ta ɗauki fasinjoji fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Da kayan suka koma kan manyan motoci, sai kuɗin gyara ya ƙafe. An kawo kamfanin RITES na Indiya a 1979, aka ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar gyara a 1995, amma da zarar kwangila ta ƙare sai a koma gidan jiya. Sababbin layukan kuwa fasinja suka fi dogara a kai. Ko na Itakpe, da aka fara a 1987 domin kai tama masana'antun ƙarfe na Ajaokuta da Aladja, bai samu kayan da aka gina shi dominsu ba.

Gyaran da aka yi wa tsarin mulki a watan Maris na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa, an kuma aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi da na Kaduna zuwa Kano tun a 2021. Haɗe layukan da juna zai ba hukumar sararin juya jirage a lokacin matsala, ya kuma jawo 'yan kasuwa masu manyan kaya. Sai dai ɗan kasuwa ba ya ɗora hajarsa a kan jirgin da bai san ranar tashinsa ba. Don haka ya kamata duk wata gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, da ke shirin ciwo bashin shimfiɗa sabon dogo, ta fara ware kuɗin kula da shi na kowace shekara a cikin kasafinta, ta kuma tabbatar da kayan da zai riƙa ɗauka, tun kafin a kafa tubalin farko.