Muna neman likitoci mata, amma wa zai riƙe gida ranar aikin kwana?

Babu kukan da ya fi yawa a bakin magidanta game da asibitocinmu kamar na ƙarancin likitoci mata. Mutum zai kai iyalinsa awo ko haihuwa, a ce masa likitan da ke bakin aiki namiji ne, sai ransa ya ɓaci. Wani ma ya juya da ita gida a yi ta jiƙe-jiƙe har lamari ya ta'azzara. Wannan kuka na daga cikin abin da ya sa wasu gwamnatocin jihohi, ciki har da ta Kano, suka riƙa tura 'yan mata karatun likita ƙasashen waje, musamman Sudan, kafin yaƙin da ya ɓarke a can cikin watan Afrilun 2023 ya koro ɗalibai gida. Sai dai ba mu cika tambayar kanmu ba: ita wannan likita da muke nema, a gidan wa take aure, kuma wa ke riƙe mata gidan a shekarun da take koyon aiki?

Bari mai karatu ya yi lissafin da kansa. Karatun likita a jami'o'in Nijeriya shekara 6 ne, idan yajin aikin malamai bai ratsa ba. Na 2022 kaɗai ya cinye wata 8. Daga nan sai shekara guda ta sanin makamar aiki, inda sabuwar likita za ta zagaya sassa huɗu: na manya, na yara, na tiyata da na mata da haihuwa. Sai shekarar yi wa ƙasa hidima. Idan kuma tana son zama ƙwararriya a wani fanni, akwai wasu shekaru 5 zuwa 6 na horo a asibitin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tare da jarrabawa mataki uku ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta takwarorinta na Afirka ta Yamma. Yarinyar da ta shiga jami'a tana da shekara 18 ba za ta kammala wannan doguwar tafiya ba sai ta haura 30. A al'adarmu kuwa aure ba ya jiran wannan lokaci. Ke nan lalle, laulayi, jego da yaye duk a cikin karatun za a yi su.

Abin da ya fi girgiza irin waɗannan gidaje shi ne aikin kwana. Likita mai neman ƙwarewa kan fita da safe, ta wuni, ta kwana a asibiti, gari ya waye ta shiga zagayen duba marasa lafiya, ba ta ganin ƙofar gidanta sai bayan azahar ko la'asar. Mai naƙudar da jini ya ɓalle mata da ƙarfe biyun dare ba ta san ranar Sallah ba, ba ta kuma san cewa ɗan likitar yana can gida da zazzaɓi ba. A daren nan dole wani ya ba yara abinci, ya kwantar da su, ya shirya su makaranta da safe.

A nan ne ake gane mazan ƙwarai, a nan ne kuma da yawa ke gazawa. Kafin aure kowa na alfaharin zai auri "dakta". Bayan shekara biyu sai a fara jin ƙananan maganganu daga dangin miji: ba ta zuwa biki, ba ta zaman makoki, ɗanmu ya koma cin abincin 'yar aiki. Wasu mazan kan toshe kunne. Wasu kuwa sai su fara yi mata barazana da kishiya, ko su ce ta zaɓa tsakanin aure da asibiti. Ƙarin aure halal ne, babu mai ja. Amma wanda ya mayar da shi bulalar horar da matar da ta kwana tana ceton rayukan matan wasu, to ya binciki niyyarsa. Abin mamaki, sau da yawa irin wannan mijin ne kan gaba wajen ƙin yarda likita namiji ya duba ƙanwarsa.

Haka ma idan mijin ne ke horon, matar gida na ɗanɗana nata. Jama'a na ganin matar likita cikin daula take, alhali kuɗin jarrabawa, kwasa-kwasai da tafiye-tafiye zuwa Legas, Ibadan ko Abuja na cinye albashin, ga 'yan'uwa kowa da buƙatarsa. An sa hannu kan dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa a 2018, aka kuma tanadi asusun ɗaukar nauyin horon, amma jinkirin biyan kuɗin ya sha fitowa cikin dalilan yajin aikin ƙungiyarsu ta NARD, wadda a 2021 ta shafe kimanin wata biyu tana yaji.

A ganina, wuri mafi dacewa da za a warware wannan matsala shi ne zauren neman aure. Waliyyin yarinya ya fito fili ya shaida wa manemi yawan shekarun da suka rage mata da yadda aikin kwana yake, a kuma yi maganar a gaban iyayensa, domin su ne za su fara ƙorafi gobe. A tsayar da wanda zai zauna da yara, kaka ce ko gwaggo, tun kafin a haife su. Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza da aka yi wa haihuwa tun 2021. Ya kamata jihohin Arewa da ba su bi sahu ba su bi. Su kuma hukumomin asibitocin koyarwa, ya kamata su samar da ɗakin renon jarirai mai aiki dare da rana kusa da ɗakin haihuwa, da gidajen ma'aurata a cikin harabar asibiti.