Dutsen Zagami: Daga Ina Ya Faɗo?

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana gonarsa a Zagami, kusa da Faskari a ƙasar Katsina, sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa. Wani abu ya doki ƙasa taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ramin da ya kai kusan ƙafa biyu. Da aka tono, sai ga dutse mai nauyin kilo 18, bayansa baƙi ƙirin, cikinsa ruwan toka. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. Sai da aka shafe fiye da shekara 30 kafin a tabbatar da asalinsa.

Cewa daga sama ya zo, wannan ba gardama. An ga faɗuwarsa, kuma baƙar fatar nan ta jikinsa alama ce ta narkewar da dutse kan yi idan ya keto iska a guje. Matsalar tana cikinsa. Galibin duwatsun da ke faɗowa daga sama shekarunsu sun kai biliyan 4.5, wato sa'annin duniyarmu ne. Shi kuwa na Zagami, da aka auna shi, bai wuce kimanin shekara miliyan 180 ba, kuma narkakken dutse ne da ya daskare, irin wanda tsaunuka masu aman wuta ke fitarwa. Ƙananan duwatsun da ke yawo tsakanin Mars da Jupita sun huce tun tuni. Ashe ke nan mahaifarsa babbar duniya ce wadda har a lokacin da sauran wuta a cikinta.

Aka fara zargin na kusa. Ko daga nan ƙasa ya tashi ya dawo, ko daga wata? Iskar oksijin da ke ƙunshe cikin kowane dutse nau'i uku ce, kuma yadda suka gauraya yana nuna gidan da dutsen ya fito, kamar yadda tsagar fuska ke nuna dangin mutum. Duwatsun da 'yan sama-jannatin Apollo suka kwaso daga wata tsakanin 1969 da 1972 tsagarsu ɗaya da na ƙasa. Ta Zagami daban take. Zara matar wata ma aka cire ta, domin iskarta ta yi kauri ƙwarai, da wuya dutse ya kuɓuce mata. Saura Mars, amma zato ba hujja ba ne.

Hujjar ta zo ta hanyar da ba a zata ba. A 1976 kumbunan Viking biyu na Amurka suka sauka a Mars, suka auna iskar can. A 1983 Donald Bogard da Pratt Johnson suka gasa wasu ƙwayoyin gilashi da ke cikin wani ɗan'uwan dutsen Zagami da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika. Iskar da ta fito ta yi daidai da abin da Viking ta auna. A 1995 aka sami irin wannan iska a cikin na Zagami kansa. Magana ta ƙare.

Gilashin ya kuma bayyana yadda dutsen ya baro gida. Wani ƙaton dutse ne ya doki Mars da ƙarfin da ya narkar da wasu sassan duwatsu, ya kulle iska a ciki, ya cilla gutsattsari sararin samaniya. Tabon da hasken sararin samaniya ya bari a jikin na Zagami ya nuna ya yi kusan shekara miliyan 3 yana yawo kafin ya sauka a gonar Bakatsine.

To, akwai alamar rai a ciki? Babu. A 1996 masana na hukumar NASA sun ce sun ga abin da ya yi kama da burbushin ƙwayoyin halitta a wani dutsen Mars mai suna ALH84001, amma akasarin masana ba su gamsu ba, domin sinadarai kaɗai na iya haifar da irin wannan siffa. Shi ya sa tun 2021 na'urar Perseverance ke tara samfuri a kwarin Jezero, inda tafki ya taɓa kwanciya. Abin da Zagami ya tabbatar shi ne duwatsu na ƙetarawa daga wata duniya zuwa wata, kuma ana iya nazarin Mars a ɗakin gwaji a nan ƙasa.

An yanyanka dutsen Zagami, ya bazu a ɗakunan gwaji da hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje. Wani na Mars da aka tsinta a jihar Agadas a 2023 an yi gwanjonsa a New York a 2025 kan dala miliyan 5.3. Duk wanda irin wannan ya faɗo a gonarsa, ya fara kai shi jami'a kafin ya saurari dillali.