Kyanwar Maƙwabci a Tsakar Gidanka: Yadda Za a Raba Ta da Gidan Ba Tare da Guba Ba

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Kakuri, Makera, Nasarawa ko Television a garin Kaduna ya san tsarin ginin: ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kowa da kurfotinsa a ƙofar ɗaki. Da yawa daga cikin gidajen nan sun taso ne a zamanin masaƙu, tun daga 1957 da masaƙar KTL ta fara aiki, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Masaƙun sun daɗe da yin tsit, amma cunkoson yana nan, har ya malala zuwa Sabon Tasha, Narayi, Unguwar Romi, Kamazou da Gonin Gora. A irin wannan zama ba ka da ikon cewa hayaƙin maƙwabci ko ruwan kwatarsa ko ƙarar janaretonsa su tsaya a gidansa. Haka ma kyanwarsa.

Ƙorafin kusan ɗaya ne ko'ina ka je. An shanya bandar kifi a faranti, an shiga ɗaki ɗauko gishiri, an fito babu rabi. Kaza ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki, kullum gari ya waye sai a ga sun ragu. Yashin da aka juye a ƙofar gida don filasta ya zama masai, yara kuma a kansa suke wuni. Muzuru ya fesa fitsari a jikin ƙofa, warin ya ƙi fita. Ga kukan tsakar dare mai kama da na jariri. Ba ƙaramin takaici ba ne, musamman ga matar da ke kiwon kajin nan don kuɗin makarantar yara, kuma ba daidai ba ne a ce mata ta yi haƙuri kawai.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne maganin da mutane ke fara tunawa da shi. Sai a sayo shinkafar ɓera ko fiya-fiya, a barbaɗa a kan kan kifi, a ajiye bayan ɗaki. Mai yin haka ya manta cewa tsakar gidan ba tasa ba ce shi kaɗai. Guba ba ta tambayar wa aka ajiye wa ita. Kazar da ake son karewa ita ce za ta fara tsattsagar abin, karen gida zai lasa, yaro mai rarrafe kuwa duk abin da hannunsa ya kai bakinsa yake nufa. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper, wanda ake kira dikulobos, yana kama jijiyoyi ya hana numfashi, a jikin mutum kamar yadda yake yi a jikin ƙwaro. Haɗarinsa ne ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Wasu kuma kafur suke watsawa a lungu-lungu don warin ya kori kyanwa, alhali ƙwayar kafur tana kama da alewa a idon yaro, kuma tana farfasa jinin jariran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, matsalar gado da ta yawaita a Najeriya, har ta jawo musu shawara mai tsanani.

Ko da an yi sa'a gubar ta samu wadda aka nufa, ba a gama komai ba. Kyanwa dabba ce mai riƙe yanki. In ta mutu, abincin da wurin kwanan da suka riƙe ta suna nan, cikin 'yan makonni wata za ta gaje su. Kafin ta zo kuma, ɓeraye sun samu sarari. A ƙasar da zazzaɓin Lassa ke tashi duk rani, tun da aka fara gano shi a garin Lassa na Borno a 1969, kuma ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan abinci, rage kyanwoyin unguwa ba dabara ba ce. Ga kuma alhaki. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta sa zaluntar dabba cikin laifuffuka. Musulmi ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa, Kirista kuma ya san Littafin Karin Magana ya lissafa kula da ran dabba cikin halayen adali.

To me ke kawo ta? Hausawa sun riga sun ba da amsa: in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Tun asali haka alaƙar ta faro. Kakar kyanwar gida ita ce kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma ba wanda ya je ya kamo ta. Da mutane suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka taru, ita kuma ta biyo su. A tsibirin Sayifurus an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500 inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Har yau abu uku take nema a gidan mutum: abin ci, ƙasa mai laushi da za ta tona ta binne kashinta, da lungu mai ɗumi da ba a damunta. Gidan da ba shi da ukun nan, hanya kawai za ta mai da shi.

A fara da abinci, don shi ne babba. Kwandon shara marar murfi, tukwanen da aka bari a bakin famfo sai da safe, kan kifi da hanjin kaza da ake watsawa a kwata, waɗannan su ne gayyatar. Bokitin fenti mai murfi ya isa ya zama mazubin shara, a ɗora masa bulo in murfin ya saki. Kifi ko naman da za a shanya a rufe shi da raga. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: a gidan haya mai ɗaki goma, sau da yawa akwai mutum ɗaya mai tausayi da ke jefa mata ƙashi a ɓoye. Muddin yana yi, duk korar da sauran tara za su yi aikin banza ne. Wannan magana ce ta zaman 'yan gida, a yi ta a fili, a ce wanda ke son ciyar da ita ya kai mata can gidan masu ita.

Kaji kuwa, gyaran akurki ya fi korar kyanwa sauƙi. Kyanwa ba ta cika tunkarar babbar kaza ba, 'yan tsaki da tantabaru take hari. A yi wa akurkin ragar waya mai ƙananan idanu, wadda hannunta ba zai shiga ba, a rufe har sama, a duba ƙasan kada a bar rata, a kulle tun magariba. Ragar da ta tare kyanwa ta tare gafiya da shaho a lokaci guda, don haka kuɗin bai tafi a banza ba.

Yashi shi ne inda na fi so a tsaya, domin nan ne lafiyar yara ta shigo. A sababbin unguwanni irin su Kamazou da Gonin Gora, inda gini ba ya ƙarewa, da wuya ka wuce layi ba ka ga tulin yashi ba. Ka lura da kyanwa in ta hau shi da sassafe: za ta shinshina, ta tona ɗan rami da hannuwan gaba, ta tsuguna, ta juyo ta mayar da ƙasa ta rufe tsaf, har ba za ka gane wurin ba. Da hantsi yara sun zo suna gina ɗaki a daidai nan. Kashin kyanwa na iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, da wata tsutsa mai huda fata ta bar zane mai ƙaiƙayi a tafin ƙafa, da kuma ƙwayar cutar da ake kira tokzofilazma. Ita wannan yawancin masu lafiya ba sa ma sanin ta shige su, amma in mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki, tana iya taɓa ido ko ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Ƙwayar ba ta zama mai harbi sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5 a waje, bayan haka kuma tana iya wuce shekara a ƙasa mai danshi. Ke nan kwashewa kullum yana da amfani sosai, da shebur ko leda a hannu, kuma ba mai ciki ce za ta yi ba. A rufe yashin da tamfol ko tsohon kwano. In ɗan lambu ne na alayyafo ko shuwaka, a shimfiɗa ragar waya a kan ƙasar, ko a zuba tsakuwa tsakanin shuke-shuken, a riƙa ba shi ruwa da yamma. Ba ta son tona inda ƙafarta ba ta jin daɗi, ba ta son jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Sauran dabarun taimako ne kawai. Ɓawon lemo yana ɗan korar ta, sai dai ƙamshinsa ba ya daɗewa a rana. Watsa mata ruwa daga kofi duk sanda ta shigo ba ya cutar da ita, kuma tana riƙewa. Ruwan sanyi nake nufi, wanda ya watsa wa dabba tafasasshen ruwa ya yi zalunci tsantsa. Garin barkono yana shiga idonta, yana shiga na yara. Fasassun kwalabe a kan katanga ba sa hana ta, tana bi tsakaninsu ko ta yanke. Inda muzuru ya yi fitsari a wanke da omo da ruwa mai yawa har warin ya mutu, domin warin ne ke kiran shi da abokan hamayyarsa su sake.

Kukan dare kuma yana buƙatar bayani, saboda nan ne zargi ke shigowa. A unguwanninmu akwai masu ɗaukar kyanwa, musamman baƙa, a matsayin saƙon mayu, har a fara kallon tsohuwar da ke kiwonta da wani ido. Kukan nan na macen da ke neman barbara ne, ihun da ke biyo baya kuma faɗan muzurai ne a kanta. Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin yana kwana kusan 65, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Maganinsa na dindindin yana hannun likitan dabbobi: a dandaƙe muzuru, a yi wa macen aikin hana haihuwa. Kuka da yawo da fesa fitsari duk suna raguwa ƙwarai. A nan ne kuma za a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma ke ɗauka. Cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a duniya duk shekara, galibi ta cizon kare, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan ba a tsira. Wanda kyanwar da ba a san lafiyarta ba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an yi magana da mai ita, kuma yadda aka buɗe maganar shi ne rabin aikin. Mutanen kudancin Kogin Kaduna sun san tsadar zaman lafiya. Rikicin 2000 da na 2002 ya raba garin, ya tashi mutane daga gidajen da aka haife su, waɗanda suka ci gaba da zama tare kuma da ƙoƙarinsu suka yi. Gawar kyanwa a bakin kwata tana iya ɓata shekarun gaisuwa, don mai ita zai san daga inda abin ya fito. A je da rana, ba lokacin da rai ke ɓace ba. "Mama, sannu da gida. Magen nan taku tana shiga mana akurki, 'yan tsaki sun kusa ƙarewa. Ko za a riƙa ba ta abinci da yamma a rufe ta cikin dare? Ni ma zan gyara ragata." Wanda aka zo masa da haka da wuya ya ɗaga murya. In abin ya ci tura, akwai mai gidan haya, akwai mai unguwa.

Sai a kula da wurare biyu da take fakewa. Na farko silin: kafin a toshe ramin da take shiga, a saurara da dare ko akwai kukan jariranta. In akwai, a jira su yi wata ɗaya zuwa biyu su fara fitowa da kansu, in ba haka ba uwar za ta yi ta yaƙi da kwanon, su kuma su mutu a sama, warin ya sauko ɗaki. Na biyu injin mota a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, inda take shigewa don ɗumi. Kafin a tayar da mota da asuba, a bubbuga bonet sau biyu, a ɗan jira ta fita.