Sanin Itacen Daji Tun Bai Yi 'Ya'ya Ba: Darasi Daga Ƙasar Gure

Ƙasar Gure, a gabashin jihar Damagaram, wuri ne da ruwan sama yakan tsaya wajen milimita 300 a shekara, tuddan rairayi kuma suna matsowa kan gonaki da kwaruruwan da ake noman dabino da haƙar kanwa. A irin wannan ƙasa gero kan yi kyau bana ya ƙi baɗi, amma aduwa da magarya da anza da goruba, waɗanda saiwarsu ta nutsa ƙasa sosai, ba su cika saɓa alkawari ba. Duk da haka, makomar waɗannan itatuwa tana hannun mai gatari ne a lokacin sharar gona, sa'ad da ba su da ɗa ko fure, sai toho a kan kututture. Wanda ya gane tohon zai bar shi, wanda bai gane ba zai sare ya ƙone. Saboda haka sanin itace ta ganye da ƙaya da ɓawo shi ne matakin farko na tsare abinci da tsare ƙasa a Gure, kuma ya cancanci a koyar da shi da gangan.

Ilimi ne mai ƙa'ida, domin kowane itace yana da alamarsa. Aduwa ganyenta bibbiyu ne a kan sanda guda, ƙayarta doguwa ce miƙaƙƙiya mai launin kore, 'ya'yanta suna nuna da sanyin hunturu, ƙwallonta kuma yana ba da mai. Magarya da kurna dangin juna ne, kowace ganyenta na da jijiya uku da suka taso daga gindinsa, amma in aka juya ganyen magarya za a ga bayansa fari-fari da laushin gashi, na kurna kuwa sumul yake ciki da baya. Daga garin magarya ake yin akuri. Anza ba ta da ƙaya, ganyenta mai kauri ne, kore shar ko da bazara ta tsananta, kuma tana ba da 'ya'yanta, wato dilo, wajen faɗuwar damina, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Danya da goruba suna da mace da namiji a bishiya dabam-dabam, don haka wanda ya sare namijin yana cewa ba ya haihuwa ya rage wa macen 'ya'ya. Kabar da ake yanka don tabarma da igiya ita ce gorubar gobe, kuma in ana yanke ta kullum ba tare da barin wata ta miƙe ba, kwari zai wayi gari babu mai tare masa iska.

Akwai hujja a aikace kan abin da wannan sani yake haifarwa. Bayan farin 1973 da na 1984, an kashe kuɗi masu yawa wajen dasa itatuwan da aka reno a leda, akasarinsu suka mutu. A Maraɗi, tun daga 1983, Tony Rinaudo da manoman yankin suka bi wata hanya: a zaɓi toho mafi ƙarfi a kan kututturen da yake cikin gona, a rage sauran, a kare shi. Wannan ne sassaben zamani, wanda masu bincike suka ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Aikin duka ya rataya ne a kan zaɓi, kuma sanin wurin bugu shi ne ƙira. A Gure ma, masu ɗaure tudun rairayi suna kafa shinge da rassan kalimbo don iska ta lafa, amma abin da zai riƙe tudun shekaru masu zuwa shi ne itacen da ya kama bayan shingen ya ruɓe. In an zaɓi wanda ke ba da abinci, mutanen gari za su tsare shi da kansu.

Wasu za su ce ai 'ya'yan itacen daji abincin yunwa ne, ƙarfafa shi kamar amincewa da talauci ne. Wannan zato ya yi ƙarfi a matsalar abinci ta 2005, lokacin da kafofin labarai na waje suka riƙa nuna cin anza a matsayin shaidar bala'i. Gaskiya ne mutane sun fi komawa gare ta in hatsi ya ƙare, amma wannan shaida ce ta amincinta. Ƙwayar anza tana da sinadarin gina jiki mai yawa, kuma mata sun daɗe da sanin yadda ake jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Gidauniyar Eden ta shafe shekaru a yankin Tanut tana raba wa manoma irin waɗannan itatuwa su shuka kai tsaye, kuma tun 2014 kamfanin Sahara Sahel Foods a birnin Damagaram yake sayen anza da aduwa da makamantansu daga matan karkara yana sarrafa su don kasuwa. Abin da ake aunawa a biya kuɗinsa ya wuce a kira shi abin kunya.

Wasu kuma za su ce kowane ɗan ƙauye ya san waɗannan itatuwa, me za a koya masa? Dattawa da makiyaya da matan da ke tsinto sun sani ƙwarai. Sai dai samari da yawa suna cin rani a Najeriya ko Libiya a daidai watannin da ake koyon daji, yaran lakwal suna karanta darasin tsirrai da Faransanci, itatuwan da suka yi ƙaranci kuma yaro ba ya ganinsu balle ya riƙe kamanninsu. Ga kuma bambancin harshe: a Gure ana jin Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tubanci, itace ɗaya yana da suna huɗu ko fiye, kuma ma'aikacin gandun daji yakan zo da na littafi. Masu cewa wayar hannu za ta gane itace daga hoto su tuna cewa hoto ba ya gaya wa mutum kwana nawa ake jiƙa anza, kuma kuskure a nan yana da tsada. Farin ruwan tumfafiya yana cutar da ido, 'ya'yan cini-da-zugu da na zurma guba ne, kuma yara ne suka fi faɗawa hannunsu.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin gunduma ba. Dokar gandun daji ta 2004 da ƙudurin gwamnati na 2020 kan sassaben zamani sun ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa, amma haƙƙi ba ya amfanar wanda bai san abin da ya mallaka ba. Ya kamata kowace ƙaramar hukuma, daga Gidigir zuwa Kelle da Bune, ta haɗa dattawa da mata masu tsinto da ma'aikatan gandun daji su tsara jerin itatuwan yankinsu, da sunayensu a harsunan wurin, da alamar tohonsu, da lokacin nunarsu, da yadda ake gyara su kafin a ci. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram za su iya taimakawa wajen rubutawa, rediyon karkara ya yaɗa kafin lokacin shara. Ranar 3 ga Agusta, da ake bikin dashen itace a Nijar, a riƙa fita da yaran makaranta gonaki su nuna toho goma da sunansu, a kuma auna nasarar shekara da yawan aduwa da magarya da anzar da suka tsira daga gatari.