Hoton Ƙarya Da Tsohon Hukuncin Ƙazafi

A watan Yulin 2009 'yan sanda suka kama 'yar jarida Lubna Husaini a wani gidan abinci a Khartum saboda ta sa wando. Sashe na 152 na dokar laifuka ta 1991 ya tanadi bulala har 40 ga abin da ya kira shigar rashin ɗa'a. Kotu ta ci ta tarar fam 500, ta ƙi biya, aka kai ta kurkukun mata na Omdurman. Bayan faɗuwar shugaban Sudan Umar Al-Bashir aka soke dokar sa ido kan tarbiyyar jama'a a Nuwamban 2019, sai dai al'adar fara tuhumar mace ta daɗe da yin saiwa, a can da nan Kano.

Yau hoto ɗaya na ranar biki ya ishi manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ɗora fuskar yarinya a kan jikin wata tsirara. 'Yan Sudan sun ɗanɗana wannan fasaha a 2023, lokacin da BBC ta gano muryar Al-Bashir ta bogi tana yawo a TikTok. Tun a 2019 kamfanin Deeptrace ya ƙiyasta cewa kashi 96 cikin 100 na bidiyoyin bogi da ake haɗawa da wannan fasaha batsa ne.

In hoton ya faɗo zauren WhatsApp, abin da za ka fara ji shi ne, "Ita ma me ya kai ta sa hotonta a Facebook?" Kawu ya ce a cire ta daga makaranta. Dangin saurayi su aiko a mayar musu da lefe. Wanda ya haɗa hoton kuwa yana teburin mai shayi, babu mai tambayar sunansa.

Fiƙihun Malikiyya, wanda Omdurman da Sakkwato suka yi tarayya a kansa, ya riga ya raba gardamar. Mai jifan mace da alfasha shi ake nema da shaidu huɗu, in ya kasa a yi masa bulala 80. A ƙissar ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, Suratun Nur ta tsawatar har da waɗanda suka yaɗa zancen baki da baki.

Da wannan ma'auni, alhaki na kan mai haɗawa, da kamfanin da ya sayar masa da manhajar, da mai turawa, da wanda ya ce, "Turo mini in gani." Yarinyar ba a nemanta da rantsuwa ko hujja. Abin da take bin mu shi ne a goge hoton, a kai ƙarar mai haɗa shi, gobe ta koma aji.