Ba Haƙori Ba Ne: Gargaɗi Ga Iyaye Kan Maganin Yara

A gidajenmu da dama, da zarar jinjiri ɗan wata shida ko bakwai ya fara zawo, jikinsa ya yi zafi, sai a yanke hukunci tun kafin kowa ya duba shi: haƙori ne. Daga nan sai a aika yaro kemis ya sayo maganin haƙori, a ɗura wa jinjirin, a zauna jiran haƙori ya fito. Wannan jira ya ci ran yara da yawa, kuma wani lokacin kwalbar da aka sayo ita ce ajalin.

Gaskiya ne fitar haƙori na sa yaro ƙaiƙayin dasashi, da dalalar da yawu, da rigima, da son cizon duk abin da ya samu. Amma ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya kawo gudawa da amai. Abin da ke rikita iyaye shi ne lokacin ya zo ɗaya. A wajen wata shida ne garkuwar da yaro ya samo daga jikin mahaifiyarsa ke raguwa sosai. A lokacin ne ake fara ba shi kunu da ruwa, sannan ya soma zama da rarrafe, duk abin da hannunsa ya kai sai baki. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Abin da muke ɗora wa haƙori, galibi zazzaɓin cizon sauro ne, ko cutar hanji, ko ciwon kunne, ko ciwon huhu, kuma kowanne da nasa maganin.

Darasin da bai kamata a manta ba

A ƙarshen shekarar 2008 aka fara kai jarirai asibitocin Legas, Ibadan da Zariya da alama iri ɗaya: amai, zazzaɓi, sannan fitsari ya ɗauke. Bincike ya gano an ba su wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a Legas. An samu sinadarin dayetilin gilaikol a cikinsa, irin wanda ake sawa a man birkin mota. Yana da zaƙi, amma yana lalata ƙoda cikin 'yan kwanaki. Yara 84 suka rasu. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin da ya haɗa maganin, kuma a 2013 kotu ta ɗaure biyu daga cikin ma'aikatansa.

Ba wannan ne farau ba. A 1990 irin wannan guba a cikin farasitamol na ruwa ta kashe yara sama da 100 a Jos da Ibadan. A 2022 kuma yara kusan 70 suka mutu a Gambiya bayan shan magungunan tari da mura da aka shigo da su daga Indiya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi. Iyayen nan duk sauƙi suka je nema wa 'ya'yansu, ana gudun gara aka faɗa gidan zago. Duk kwalbar da ba dole ba, barinta shi ne kariya.

Idan zawo ne

Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Saboda haka magani na farko shi ne ruwan gishiri da sukari na leda, wato ORS. A zuba leda ɗaya a cikin adadin ruwa mai tsabta da aka rubuta a jikinta, yawanci lita ɗaya, a riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan bayan kowace fita. Idan ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Sai ƙwayar zinki, wadda ake narkarwa a cikin cokalin ruwa ko nonon uwa. Ɗan ƙasa da wata shida rabin ƙwaya, wato miligiram 10, wanda ya wuce haka miligiram 20, kullum sau ɗaya har kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya. Tana rage tsawon ciwon, tana kuma hana shi saurin dawowa. Kada a daina shayarwa, kada a hana abinci.

Al'adar fasa kafso ja da yalo a zuba wa yaro a kunu, ko ɗura masa Flagyl ba tare da likita ya ce ba, ɓarna ce. Yawancin zawon yara ba ya jin waɗannan magunguna, kuma wannan kafson na iya ɓata launin haƙoran yaro har girmansa.

Idan zazzaɓi ne

A fara da gwaji. Ɗigon jini daga yatsa ya isa a gane ko maleriya ce cikin minti 15 zuwa 20, kuma ana yi a ƙananan asibitoci. Idan ita ce, a ba shi maganin ACT daidai nauyinsa, a cika kwana ukun cif. Iyaye da yawa na tsayawa a rana ta biyu don yaro ya tashi yana wasa, su ajiye sauran don ƙaninsa. Wannan ke sa ciwon ya dawo. A yankunan da ake raba maganin rigakafin maleriya gida-gida da damina ga 'yan wata 3 zuwa 59, a karɓa, a kuma ba da na rana ta biyu da ta uku da ake bar wa uwa.

Farasitamol na sauke zafin jiki ne kawai, ba ya kashe cutar. A auna shi da murfin awo ko sirinjin da ya zo da shi, kada a wuce sau huɗu a yini. A lura, magungunan mura da na haƙori da yawa akwai farasitamol a cikinsu. Haɗa biyu na iya illata hanta. Asfirin ba na yara ba ne, haka ɓallen ƙwayar manya da ake cewa "ba shi rabi".

Alamomin da ba a kwana da su

A garzaya asibiti ko da tsakar dare ne idan yaro ya ƙi kama nono, ko yana aman duk abin da aka ba shi, ko yana jijjiga, ko ya langaɓe ba ya farkawa da sauƙi. Haka idan idanunsa ko maɗigarsa sun faɗa, ko akwai jini a bayan gidansa, ko numfashinsa na sauri haƙarƙari na lotsawa, ko ya yini bai yi fitsari ba. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, kowane irin zazzaɓi na asibiti ne.

Wajen saye

A guji maganin da ake talla a faranti ko a cikin mota, wanda rana ta gama gasawa. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, a tabbatar murfi bai taɓa buɗuwa ba. In akwai wurin kankarewa a kwalin, a kankare a tura lambar don tantancewa.

Shi kuwa ƙaiƙayin haƙori na gaskiya, uwa ta wanke hannu ta murza dasashin a hankali, ko ta ba shi tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya ciza. Ba a tsaga dasashi, ba a shafa masa gari.

Maigida na da babban nauyi a nan, domin sau da yawa uwa ta ga alamar tun da safe, izini da kuɗin mota take jira. A bar mata izinin fita asibiti tun kafin ciwo ya zo, a ajiye ledar ORS da zinki a gida. Idan kuma yaro ya rikice bayan shan wani magani, a tsayar da shi nan take, a tafi asibiti da kwalbar a hannu, domin da ita za a gane abin da ya sha, a kuma janye sauran daga kasuwa kafin su kai ga 'ya'yan wasu.