Yadda Ake Samun Sukari Daga Itace a Kanada

'Yan'uwana ɗalibai, mu dai rake muka sani, da mazarƙwaila. To, a Kanada da arewacin Amurka akwai wani itace, mapul, wanda ake tatsarsa kamar yadda ake tatsar kwakwa a nan. Daga mutanen ƙasar na asali Turawa suka koya.

Kwanakin aikin kaɗan ne, sati 4 zuwa 6, wajen Maris da Afrilu. Sai in dare ya yi sanyin daskarewa, rana kuma ta yi ɗumi, sa'an nan ruwan ke gudu. Manomi ya huda jikin itacen, ya kafa bututu, ya rataya bokiti.

Ruwan nan kusan salam yake. A bukkar dahuwa akan yi ta tafasa shi har galan 40 ya koma galan 1, mai kauri kamar zuma. Iyalai kan ziyarci bukkokin, a zuba mai zafi bisa ƙanƙara, yara su naɗe a tsinke su lasa.

Lardin Kwebek ya fi ko'ina yinsa. Amma in zafi ya yi sammako, itacen ya yi toho, ruwan ya ɓaci, shekara ta wuce manomi ke nan.